'Ya'yan sarautar Rasha da suka yi gudun hijira: masu tara kayan tarihi ne ko masu cinye gado?

Bakatsine82:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya min a rai kwana biyun nan na ce bari in kawo shi mu tattauna. Ina karanta labarin 'ya'yan sarautar Rasha da suka gudu bayan juyin juya halin 1917 sai na ci karo da Yarima Feliks Yusupov, wannan da aka kashe Rasputin, mai da'awar warkarwa kuma mai faɗa a ji a fadar sarki Nikolas na biyu, a gidansa. Gidansu na cikin gidajen da suka fi kowa dukiya a Rasha gaba ɗaya. A watan Afrilun 1919 ya bar Kirimiya a jirgin ruwan yaƙin Ingila shi da matarsa Irina, cikin ɗan abin da ya iya fita da shi har da zane biyu na Rembrandt, shahararren mai zanen Holan, da aka cire daga firam aka naɗe. Shekara biyu kacal, a 1921, zanen suka koma hannun wani attajirin Amurka Joseph Widener a kan fam 100,000. To tambayata, mutum ya rasa ƙasa ya rasa gida, ɗan abin da ya rage masa na kakanni ke nan, sai ya rabu da shi don ya ci gaba da tara mutane liyafa a Paris? Ana ta ce musu masu son zane, ni kuwa masu cinye gado nake gani. Ko ni ne ban fahimta ba?

Malam_Natarihi:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa akwai gyara kaɗan. Shi Yusupov a ransa ba sayarwa ya yi ba, jingina ya ɗauka ya bayar. A takardar an rubuta yana da damar fansar zanen kafin 1 ga Janairun 1924 in ya biya kuɗin da ƙarin kashi 8 cikin 100 a shekara. Amma Widener ya sa wani sharaɗi mai wuya, wato sai in ya samu halin da zai ajiye su don kansa, ba wai ya fanso ya miƙa wa wani ba. Da wa'adi ya matso sai Yusupov ya ranto kuɗin a hannun Calouste Gulbenkian, attajirin man fetur ɗin nan ɗan asalin Armeniya, shi kuma Widener ya ce atafau ba zai karɓa ba don kuɗin aro ne kuma ya san wurin Gulbenkian zanen za su ƙare. Aka tafi kotu a New York a 1925, Yusupov ya sha kaye. Ka ga wanda bai damu da abu ba ai ba zai bi shi har ƙetaren teku yana shari'a ba.

Abu_Sumayya:
Wannan cinikin shi ne malamanmu ke kira bai'ul wafa'i, ka sayar da abu da sharaɗin in ka dawo da kuɗi a dawo maka da kayanka. Mafi yawan malamai ba su yarda da shi ba don bashi ne aka yi masa rigar ciniki, ga kuma kuɗin ruwa a kai. Kuma kusan kullum mai neman kuɗin ne ke kwana ciki.

Hajiya_Mai_Gwal:
Bakatsine ƙanina, kai dai Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka buɗe akwatin mahaifiyarka ka ɗauki sarƙarta ka nufi kasuwa. Shekara ashirin da wani abu ina harkar gwal, na ga matan manyan gidaje sun shigo min da niƙabi don kada a gane su, tana kwance ƙullin hannunta na rawa. Mai saye da ya kalli idonki ya san a matse kike, ba zai biya kuɗin aiki ba sai dai a ɗora a sikeli a biya ki nauyi. To su waɗannan dubbai ne suka fito lokaci ɗaya kowa da lu'ulu'unsa da daiman a ɗinke cikin riga, Santambul da Balin da Paris duk kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Bakatsine82:
Hajiya na ji wannan kuma gaskiya ne. Wanda ya sayar don ya ci abinci ko ya biya haya ba ni da magana a kansa. Amma shi fa gida ya saya a Boulogne kusa da Paris har da ɗan ɗakin wasan kwaikwayo a ciki, duk Asabar a cika a yi ta kiɗa da waƙa har dare ya raba. Wannan ba yunwa ba ce.

Ɗan_Talaka_Zalla:
Ni wallahi ban ga abin tausayi a nan ba. Ku tambayi kanku da kuɗin wa aka sayi Rembrandt ɗin tun farko? Sai a 1861 aka 'yanta bayin gona a Rasha, kafin nan ana sayar da ƙauye da mutanen cikinsa kamar yadda ake sayar da garke. Gumin waɗannan ne ya zama zane a bango ya zama kambi a kan gimbiya. Da talaka ya tashi ya karɓi abinsa sai a ce mana mu yi kuka don yarima ya koma gidan haya.

Malam_Natarihi:
@Ɗan_Talaka_Zalla maganarka ta farko ba wanda zai musa, dukiyar daga bayan manoma ta fito. Amma cewa talaka ya karɓi abinsa, a nan ne zan tsaya. Gwamnatin Stalin da kanta ta buɗe gidan tarihin Hermitage ta sayar. Tsakanin 1930 da 1931 Andrew Mellon, a lokacin shi ne sakataren baitulmalin Amurka, ya sayi zane 21 a kan dala miliyan shida da dubu ɗari shida da ɗoriya, har da na Raphael da ake kira Alba Madonna wanda shi kaɗai ya haura dala miliyan ɗaya. Kuɗin waje suke nema don sayen injina da taraktoci na shirinsu na shekara biyar. Shi ma Gulbenkian ya saya a hannunsu. Abin da ya fi taɓa ni, zanen da yarima ya rasa da waɗanda 'yan gurguzu suka sayar wa Mellon yau duk suna gini ɗaya, National Gallery da ke Washington, don Mellon ne ya kafa shi Widener kuma ya ba da nasa kyauta a 1942. Manomin da kake magana a kai bai ga ko ɗaya ba.

Ɗan_Talaka_Zalla:
To ai ko ba komai an sayi tarakta da kuɗin, ba giya ba.

Uwar_Hanan:
Tarakta a shekarun da miliyoyin manoma suka mutu da yunwa a Yukren da Kazakistan, 1932 zuwa 1933. Don Allah Yaya mu daina magana kamar ɓangare ɗaya ne ke da laifi.

Ni abin da nake so a kalla shi ne matan. Ana ta zancen liyafa an manta su ne suka riƙe gidajen. Gimbiya Mariya Pavlovna ƙarama, jikar sarki Alekzanda na biyu ce fa, ta sayi keken surfani ta je ta koya kamar kowace 'yar koyo, ta buɗe shago mai suna Kitmir tana yi wa gidan ɗinkin Chanel na Paris aikin surfani, ta ɗebi 'yan'uwanta mata 'yan gudun hijira aiki. Ita ma Irina matar Yusupov ɗin, 'yar ƙanwar sarki Nikolas ce, a 1924 suka buɗe gidan ɗinki Irfé, farkon sunanta da farkon nasa aka haɗa. Matan attajiran Amurka suna zuwa ba don rigar kaɗai ba, so suke a ce gimbiya ce ta karɓe su kuma sun ga mutumin da ya kashe Rasputin ido da ido. Ka ga ke nan liyafar da sunan sarautar su ne jarin, in suka daina fita cikin manyan mutane ciniki ya mutu.

Zazzau_Ta_Gode:
Uwar Hanan ta faɗi abin da ke bakina. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan da arziki ya bari ya san wannan, ranar da aka daina ganinka da babbar riga a wurin ɗaurin aure ranar masu ba ka bashi za su fara sallama. Rufin asiri ma kuɗi yake ci.

Bakatsine82:
Amma Irfé ɗin ai rufewa ya yi ko?

Uwar_Hanan:
Ya rufe a 1931 bayan karyewar kasuwar Amurka ta 1929, masu sayen suka ɗauke ƙafa. Kuma gaskiya shi Feliks bai iya lissafi ba, wannan ba zan kare shi ba. Abin da ya ɗan farfaɗo da su shi ne ƙarar da Irina ta kai kamfanin fim na MGM a Landan a 1934 kan wani fim na Rasputin da ya ɓata mata suna, kotu ta ba ta fam 25,000. Tun daga nan kamfanonin fim suka ɗauki al'adar rubuta cewa labarin ƙirƙira ne ba da wani ake ba.

Tsohon_Ɗalibin_Piter:
Ni na yi karatu a Saint Petersburg shekara shida, ɗalibai Piter muke ce mata. Na shiga fadar Yusupov ta bakin kogin Moika sau biyu. Jama'a gani ya kori ji. A cikin gidan akwai ɗakin wasan kwaikwayo na gaske da kujeru jajaye da ruwan gwal a bango da benen 'yan kallo, na iyali ɗaya kawai. A ƙasa kuma ɗakin da aka zaunar da Rasputin a daren Disambar 1916, sun yi mutum-mutumin kakin zuma na shi da na Feliks. Wanda ya tashi a wannan gidan, ɗan ƙaramin dandalin da ya yi a Boulogne a wurinsa kamar mutum ne ya kafa rumfa don tuna zauren gidansu. Ban ce daidai ya yi ba amma da na ga gidan na daina mamaki. Mai yi mana bayani ta ce sun ɓoye kaya da yawa a ɗakunan sirri kafin su tafi da tunanin wata nawa ne su dawo, duk an gano, na gidansu na Mosko ma a 1925 aka tono gwala-gwalan a ƙarƙashin matakala.

Abu_Sumayya:
Wai sunan nan Yusupov ba Yusuf ba ne kuwa? Tun ɗazu yake min yawo a kai.

Malam_Natarihi:
Shi ne Malam. Kakansu Yusuf shugaban ƙabilar Nogai ne, Musulmi, a ƙarni na 16, 'yarsa Suyumbike ita ce sarauniyar Kazan. Zuriyarsa suka shiga hidimar sarakunan Mosko, a ƙarni na 17 ɗaya daga cikinsu Abdul-Murza ya koma Kirista aka sa masa Dmitri, daga nan gidan ya zama na yariman Rasha.

Abu_Sumayya:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya tabbatar da mu.

Baƙon_Faransa:
Ina so in ja hankalinku, duk Yusupov kuke ta kira kamar shi ne kowa. Mutanen da suka bar Rasha a wannan rikicin ana ƙiyasta su tsakanin miliyan ɗaya da biyu. A Nuwambar 1920 kaɗai Janar Wrangel ya kwashe kusan mutum 150,000 daga Kirimiya a jirage 126 zuwa Santambul, jiragen yaƙin kuma aka wuce da su Bizerte a Tunisiya. A 1921 Mosko ta soke musu zama 'yan ƙasa, sai da aka ƙirƙiro fasfon Nansen na marasa ƙasa a 1922 suka samu takardar tafiya. Kanar-kanar da janar-janar suka koma tuƙin tasi a Paris, wasu leburanci a masana'antar Renault da ke Billancourt, wasu masu gadin ƙofar otal. Waɗannan ba Rembrandt ba ko cokalin azurfa ba su fita da shi ba.

Na je maƙabartarsu ta Sainte-Geneviève-des-Bois bara, kudu da Paris, kaburbura sun haura dubu biyar. Asalinta ma gidan tsofaffi ne da Gimbiya Vera Meshcherskaya ta buɗe a 1927 da kuɗin wata Baturiyar Ingila Dorothy Paget, don tsofaffin da ba su da mai kula da su, in sun mutu a binne su a maƙabartar garin. Na tsaya a kan kabarin Feliks da Irina, shi 1967 ita 1970, tare da mahaifiyarsa Zinaida. Wallahi in ba ka karanta sunan ba wucewa za ka yi. Na daɗe a tsaye a wurin.

Hajiya_Mai_Gwal:
Allah sarki. Duniya rawar 'yan mata.

Ɗan_Talaka_Zalla:
@Baƙon_Faransa to su direbobin tasin nan me masu liyafar suka tsinana musu?

Baƙon_Faransa:
Wasu sun yi wasu ba su yi ba. Yawancin manyan raye-rayen da ake yi a Landan da Paris a lokacin na tara kuɗin agaji ne, a sayar wa Turawa tikiti da tsada a biya wa marayu makaranta da marasa lafiya asibiti. Shi kansa Feliks an san shi da buɗaɗɗen hannu, gidansa kullum cike da 'yan cin arziki da masu neman aiki, yana cikin abin da ya cinye kuɗin. Amma akwai irin su Matilda Kshesinskaya mai rawar bale, matar Yarima Andrei, da ta zubar da dukiya mai yawa a teburin caca na Monte Carlo, daga baya a 1929 ta buɗe makarantar rawa a Paris da ita ta ciyar da gidanta har tsufa. Ba za ka sa su a kwando ɗaya ba.

Mai_Zane_Jos:
A matsayina na mai zane bari in mayar da mu kan tambayar farko, masu tarawa ne ko a'a. A ganina 'yan sarautar nan yawancinsu magada ne, kakanni suka tara su suka tarar. Mutumin da ya tara da idonsa ba ma ɗan sarauta ba ne, Sergei Shchukin, ɗan kasuwar yadi ne a Mosko. Yana sayen zanen Matisse da Picasso tun ana masa kallon mahaukaci, shi ya sa Matisse ya zana masa manyan zane biyu na rawa da kiɗa don matakalar gidansa a 1910. Ya tara sama da 250, Picasso kaɗai kusan 50, kuma duk Lahadi yana buɗe gidan kowa ya shigo ya kalla, matasan masu zane na Rasha a nan suka buɗe ido. A 1918 Lenin ya sa hannu aka mayar da su na gwamnati, ya fita bai ɗauki ko ɗaya ba, ya mutu a Paris a 1936. Abokin tafiyarsa Ivan Morozov shi ma haka, ya mutu a Karlsbad a 1921. A 1948 aka raba kayan nasu tsakanin Hermitage da gidan tarihin Pushkin bayan an rufe gidan da suke, aka jibge su a ɗakin ajiya shekaru wai zanen 'yan jari-hujja ne. Da aka kawo na Shchukin Paris a 2016 mutum sama da miliyan ɗaya suka je kallo. Duk sanda na tuna mutumin nan yana zaune a gari ɗaya da Picasso alhali zanen da ya saya a hannunsa suna can inda ba zai ƙara ganinsu ba sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ummu_Khalil:
Ni dai ban gane yadda hoton mutum zai kai fam dubu ɗari ba, balle ma ga hukuncin zana abu mai rai.

Mai_Zane_Jos:
Anti wannan babi ne mai zaman kansa, in aka buɗe shi nan ba za mu dawo ba. Batun kuɗin kuwa, Rembrandt ya mutu tun 1669, ba za a ƙara samun sabo daga hannunsa ba, attajiran Amurka kuma a lokacin gasa suke kowa na son a ce nasa ya fi.

Zazzau_Ta_Gode:
Wai babu wanda ya kai ƙara ne cikinsu da ya ga ana gwanjon kayansa?

Malam_Natarihi:
An kai. Wadda ta fi ba ni tausayi Gimbiya Olga Paley ce. An kashe ɗanta Vladimir a Alapayevsk a 1918, an harbe mijinta Yarima Pavel a Janairun 1919, ta tsira da 'ya'ya mata biyu. Bayan shekaru sai ga kayan fadarta ta Tsarskoye Selo a Landan, gwamnatin Sobiyet ta sayar wa wani dillali Norman Weisz. Ta gane kayanta ɗaya bayan ɗaya ta kai ƙara, a 1929 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce tunda Ingila ta amince da gwamnatin Sobiyet ba ta da hurumin bincika abin da ta ƙwace a cikin ƙasarta. A shekarar ta rasu. A Balin ma an yi ta rigima a gidan gwanjon Lepke a 1928, a 1931 kuma a nan aka yi gwanjon kayan fadar Stroganov, masu kayan suna ji suna gani.

Uwar_Hanan:
Kuma ba 'yan gurguzu da Amurkawa kaɗai suka amfana ba, har dangi. Kambin nan mai zagayen daiman da lu'ulu'u masu lilo da marigayiya Sarauniya Elizabeth ta biyu ta riƙa sawa na Gimbiya Mariya Pavlovna babba ne, matar Yarima Vladimir. Wani Bature Albert Stopford ya shiga fadarta a ɓoye ya fitar mata da gwala-gwalan, ta rasu a Faransa a 1920, 'yarta ta sayar wa Sarauniya Mary ta Ingila a 1921. Da mahaifiyar sarki Nikolas ta rasu a Denmark a 1928 akwatin gwala-gwalanta ma Landan aka kai, Sarauniya Mary ta sake saye daga ciki. Alhali 'yarta Olga, ƙanwar sarki guda, zanen furanni take yi tana sayarwa, ta yi noma a Denmark ta koma Kanada a 1948, ta rasu a 1960 a wani ɗan ɗaki a saman shago a Toronto.

Hajiya_Mai_Gwal:
Wannan ma na sha gani, 'yar'uwa ta saya a hannun 'yar'uwa. Wani lokacin taimako ne don kada kayan su fita dangi, wani lokacin kuma dama aka samu. Mai sayarwar ce kaɗai ta san wanne ne.

Ɗan_Damagaram:
Ku ba ni dama in ɗan kauce, don labarin nan ya taɓo garinmu. Cikin 'yan Rashan da suka zauna Paris akwai mai zane Alekzanda Yakovlev, ba yarima ba ne amma cikin manyan mutanen nan yake yawo. Shi kamfanin Citroën ya ɗauka a tafiyar motocin da suka ratsa Afirka daga Oktoban 1924 zuwa 1925, suka keto Sahara suka biyo ta Yamai da Zinder suka wuce tafkin Chadi. Ya zana Sarkin Damagaram na lokacin da mahayan dawakai na ƙasar Hausa, da ya koma aka baje kolinsu a Paris a 1926 masu kuɗi suka yi ta saye. Na fara ganin hoton zanen a intanet na kira kawuna na nuna masa, ya yi shiru yana kallon naɗin rawanin. Mutumin da ya rasa ƙasarsa ne ya zo ya zana sarkinmu a lokacin da Faransa ke riƙe da tamu ƙasar.

Mai_Zane_Jos:
@Ɗan_Damagaram na san aikinsa, da jan alli da gawayi yake yawan yi kuma hannunsa na da sauri ƙwarai. Akwai Zinaida Serebryakova ma da ta je Maroko a 1928 da 1932 ta yi zane masu kyau, ita ta bar Rasha a 1924 ta bar 'ya'ya huɗu a can, biyu suka biyo ta daga baya biyu suka zauna, sai bayan shekara 36 ta sake ganin 'yarta.

Bakatsine82:
Na ƙaru sosai wallahi. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min ɗan sarauta ɗaya da ya tara a gudun hijira, duk masu sayarwa da waɗanda aka ƙwace wa kuke kawowa.

Malam_Natarihi:
Akwai, sai dai 'ya'ya ne da jikoki. Yarima Nikita Lobanov-Rostovsky an haife shi a Sofiya ta Bulgeriya a 1935, ya sha ɗauri yana yaro a hannun 'yan gurguzu, mahaifinsa kuma aka ɗauke shi bai dawo ba. Ya yi karatun ilimin duwatsu a Oxford daga baya ya shiga aikin banki. A 1954 ya ga baje kolin kayan Diaghilev, jagoran ƙungiyar rawar bale ta 'yan Rasha, a Landan, daga nan ya fara bin tsofaffin masu zane da zawarawansu gida-gida a Paris yana sayen zanen kayan wasa da na dandali na su Bakst da Benois da Goncharova da Larionov, a lokacin ba mai kallonsu, da albashinsa yake saye. A 2008 aka sayi kusan guda 800 daga ciki a kan dala miliyan 16 aka mayar Saint Petersburg. Sai Baron Eduard Falz-Fein da ya zauna Liechtenstein, shi da shagon kayan tsaraba na 'yan yawon buɗe ido ya yi kuɗi, ya riƙa bin gwanjo yana sayen kayan Rasha yana mayarwa gida kyauta, ya rasu a 2018 yana da shekara 106.

Ɗan_Talaka_Zalla:
Na biyun na yarda da shi. Na farkon ai sayarwa ya yi, dala miliyan 16 ba kyauta ba ce.

Tsohon_Ɗalibin_Piter:
Ya bayar da wasu kyauta ma ga gidajen tarihi, kuma shekara hamsin yana tarawa, da bai bi su ba da yawa a shara za su ƙare bayan mutuwar tsofaffin. Masu mayar da kaya da kuɗi na gaske yanzu sababbin attajirai ne. Viktor Vekselberg ya sayi ƙwayayen ado na maƙerin gwal Fabergé guda tara na gidan Forbes na Amurka a 2004 kan kusan dala miliyan 100, na gan su a fadar Shuvalov. Cikinsu akwai na 1916 mai lambar Saint George, shi kaɗai ne cikin ƙwayayen sarauta 50 da mai shi ta fita da shi da hannunta, mahaifiyar sarki, a wannan jirgin dai da ya ɗauko su Yusupov.

Jikan_Alƙali:
Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba don abin ya zo kusa da ni. Da kakanmu ya rasu ya bar littattafan hannu cike da adaka biyu da kayan doki da alkyabba. Iyayenmu goma sha ɗaya ne, kowa da matsalarsa, wani dillali ya zo ya kwashe littattafan a kuɗin da bai kai na babur ba, ina ɗan sakandare ina tsaye ina kallo ana lodawa. Shekara da shekaru ina jin haushin baffana da ya jagoranci cinikin, sai da na girma na gane da kuɗin aka yi wa gwaggona aiki a asibiti. Har yau in na tuna adakar raina na ɓaci kuma har yau ban iya cewa ya yi laifi ba. Shi ya sa Bakatsine ba zan iya tayaka yanke wa mutumin nan hukunci ba.

Bakatsine82:
Allah Ya jiƙan kaka, Ya ba gwaggo lada. Amma ɗan'uwa naka da dalili, aikin asibiti ne. Na janye kalmar cinye gado a kan matan da su Olga Paley, ban san labarinsu ba da na rubuta. A kan Feliks kuwa ina nan, bayan Rembrandt ya sayar da daiman ɗin Polar Star, ya sayar da 'yan kunnen da ake dangantawa da sarauniyar Faransa Marie Antoinette ga kamfanin gwala-gwalai na Cartier, lu'ulu'un Pelegrina da mahaifiyarsa ta fi so ma ya tafi a 1953. Mutum ɗaya a rayuwa ɗaya.

Hajiya_Mai_Gwal:
To ƙanina lissafa da kyau, daga 1919 zuwa 1953 shekara 34 ke nan yana riƙe da lu'ulu'un uwarsa, sai da ta rasu da shekara 14 ya sake shi. Ni a sana'ata wanda ya riƙe abu haka ba na ce masa mai cinye gado.

Ɗan_Damagaram:
@Mai_Zane_Jos in kana da hotunan zanen Yakovlev na Zinder masu haske ka turo min ta akwati don Allah, kawuna na so a wanke masa ɗaya babba ya rataye a zaure.